Tuɓe rawani da korar mutum daga gari: a ina ikon gwamnati yake tsayawa?

Ranar Litinin 9 ga Maris, 2020, Sakataren Gwamnatin Jihar Kano, Alhaji Usman Alhaji, ya karanta sanarwar tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II. A ranar jami'an tsaro suka fitar da shi daga Gidan Rumfa, aka sa shi a jirgi zuwa Abuja, daga can aka kama hanyar mota cikin dare zuwa Loko, wani gari a gaɓar kogin Binuwai a Jihar Nasarawa. Washegari aka mai da shi Awe. Kano ta rabu biyu, masu murna da masu kuka, amma duka ɓangarorin sun ɗauki abin a dunƙule: an cire sarki, an kai shi inda ake kai sarakunan da aka cire. Haka muka taso muka gani. An kai kakansa, Sarki Sanusi I, Azare a 1963. An kai Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi Zing ta Jihar Taraba a 1996.

Sai dai a idon doka abubuwa biyu aka yi a wannan rana, kuma kowanne da hukuncinsa. Na farko karɓe kujera. Na biyu kama mutum a kai shi garin da bai zaɓa ba, a zuba masa 'yan sanda a ƙofa. Lauyoyin Sanusi sun gane wannan bambanci sarai, shi ya sa da suka je Babbar Kotun Tarayya a Abuja ba su ce a mai da masa rawani ba. Cewa suka yi a saki mutum. Ranar Juma'a 13 ga Maris Mai Shari'a Anwuli Chikere ta ba da umarnin a sake shi, ya ja sallar Juma'a a Awe, ya kama hanyar Abuja, daga nan ya wuce Legas. Kwana huɗu ke nan. Wanda ya tsaya masa a gaban kotu ranar, Lateef Fagbemi, shi ne daga baya ya zama Ministan Shari'a na ƙasa. A riƙe sunan, zai sake fitowa.

Me ya sa kujera take iya tafiya amma mutum ba ya korarwa? Sarauta a yau muƙami ce da dokar jiha ta tsara. Majalisar jiha ce take rubuta yadda ake naɗi da yadda ake tuɓewa, gwamna kuma yana da hannu a ciki, ko muna so ko ba ma so. 'Yancin mutum kuwa ba majalisar jiha ta ba shi ba, balle ta karɓe. Yana cikin Babi na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Sashe na 41 ya ce kowane ɗan Najeriya yana da ikon zirga-zirga a ko'ina cikin ƙasar, ya zauna inda ya ga dama, kuma ba a korarsa daga ƙasar. Sashe na 35 ya ce ba a tauye wa mutum 'yancin jikinsa sai a wasu yanayi da aka lissafa ɗaya bayan ɗaya: hukuncin kotu bayan an same shi da laifi, ƙin bin umarnin kotu, kama shi don a kai shi gaban alƙali bisa zargi mai tushe ko don a hana shi aikata laifi, kula da yaro ɗan ƙasa da shekara 18, killace mai cuta mai yaɗuwa ko mai taɓin hankali da makamantansu, sai batun shige da fice da miƙa wanda wata ƙasa take nema. Ka karanta jerin daga sama har ƙasa, ba za ka ga "tsohon sarki" ba. Sashe na 1 kuwa ya riga ya rufe ƙofa: duk dokar da ta ci karo da kundin, ta faɗi daidai gwargwadon karon da ta yi.

A kan wannan ne kotun ta yanke hukuncin ƙarshe a ranar 30 ga Nuwamba, 2021, ta ce korar da tsarewar sun saɓa wa tsarin mulki, ta sa a biya Sanusi diyyar naira miliyan 10 a kuma ba shi haƙuri a jaridu biyu na ƙasa. Kuɗin ba komai ba ne a wurinsa. Ba da haƙurin ne abin lura, don sashe na 35 da kansa ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Wani abin dariya a tsakiyar rikicin shi ne yadda Kwamishinan Shari'a na Kano na lokacin ya fito a talabijin ya ce gwamnatin jiha tuɓewa kawai ta yi, ba ita ta ce a kai shi Nasarawa ba, aikin jami'an tsaro ne. Aikin da kowa yake tsame hannunsa daga ciki, ai ka san babu takardar da za a iya nunawa.

Korar sarki ba Bature ne ya ƙirƙiro ta ba. Tun kafin zuwansa Sakkwato takan tuɓe sarkin Zazzau ta riƙe shi a can. Abin da Bature ya yi shi ne ya mai da ita makamin mulki na yau da kullum, daga baya ya rubuta mata doka a 1917. Wanda ya taɓa zuwa Lakwaja ya ziyarci kaburburan sarakunan Arewa ya ga shaida da idonsa: Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903 ya rasu a can a 1926, da Sarakunan Zazzau Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi. Hujjar a kullum ɗaya ce, wai ba a sarki biyu a gari ɗaya, idan aka bar tsohon a cikin mutanensa za a yi fitina.

Abin mamaki, a ƙarƙashin mulkin mallakar nan ne aka fara kafa ƙa'idar da take rusa wannan al'ada. A 1925 gwamnati ta tuɓe Eleko, wato sarkin Legas, Eshugbayi, ta kai shi Oyo. Magoya bayansa, ciki har da Herbert Macaulay, suka bi shari'ar har Ingila, zuwa kotun ƙoli ta ƙasashen da Birtaniya take mulka. Lauyoyin gwamnati suka ce wannan aikin mulki ne, kotu ba ta da hurumin tambayar gwamna dalilinsa. A 1931 alƙali Lord Atkin ya ba su amsa da cewa babu wani jami'in gwamnati da zai taɓa 'yancin mutum ko dukiyarsa sai idan zai iya tsayawa gaban kotu ya nuna dokar da ta halatta masa. A shekarar Eleko ya koma Legas. Duk abin da ake kira bin ƙa'idar shari'a, idan ka tace shi, wannan tambayar ce take saura a rariya: wace doka ce ta ba ka? Talaka yana iya yin duk abin da doka ba ta hana shi ba. Mai mulki kuwa ba ya yin komai a jikin wani sai abin da doka ta ba shi a rubuce, kuma nauyin kawo hujja a wuyansa yake.

Inda aka fi gwada wannan ƙa'ida a Arewa ma ba kan sarki ba ne. A ranar 24 ga Janairu, 1980, wata huɗu bai cika ba da komawa mulkin farar hula, jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a Maiduguri suka tsallaka da shi iyaka zuwa Chadi. Shugaba ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, jigo a jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, wadda ta kayar da NPN, jam'iyyar da take mulkin ƙasa a lokacin, a jihar. Takardar korar ta fito daga ofishin Ministan Cikin Gida, Bello Maitama Yusuf, da hujjar cewa mutumin baƙo ne, asalin mahaifinsa daga Chadi yake. Ba a kira shi an ce ga zargi, me za ka ce ba. Mutumin da jama'a suka zaɓa, hukumar zaɓe ta tantance, ya wayi gari a ƙasar da ake yaƙin basasa a lokacin.

Babbar Kotun Jiha a Maiduguri ta duba kundin 1979 ta ga ya ce wanda aka haifa a Najeriya, ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin ƙasar, ɗan ƙasa ne. Mahaifiyar Shugaba 'yar Barno ce. Magana ta ƙare. Ɗan ƙasa kuwa ba ya korarwa, ko da gwamnati tana ganin shi barazana ne. Kotu ta soke takardar, ta yanke masa diyyar naira 350,000, a zamanin da naira ta fi dala daraja. Gwamnatin Shagari ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, can ma aka tabbatar da cewa korar haramtacciya ce. Duk wanda yake zaune a Maiduguri ko Mubi ko Daura ko Illela, wanda yake da kaka ko kawu a ɗaya gefen iyakar da Turawa suka shata, yana cin albarkacin wannan hukunci ko bai taɓa jin sunan Shugaba ba. Mu nawa ne a Arewa za mu tsira idan minista zai iya duba asalin uban mutum ya sa hannu a takarda?

Yanzu ga hujjar da masu mulki suka fi riƙewa: tsaro. Kuma ba hujjar banza ba ce, kundin da kansa ya san da ita. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi, ciki har da na zirga-zirga da na taro da na faɗin albarkacin baki, saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wasu. Amma sharuɗɗa biyu ya gindaya. Dole taƙaitawar ta zo ta hanyar doka, wato abin da majalisa ta zartar, kuma dole dokar ta zama mai karɓuwa ga hankali a ƙasar da ake dimokuraɗiyya, abin da alƙali ne zai auna shi. Umarnin baki daga gidan gwamnati ba doka ba ne. "Umarni ne daga sama" ba doka ba ne. Sannan haƙƙin 'yancin jiki na sashe na 35 ba ya cikin waɗanda za a taɓa ta wannan ƙofa, sai an ayyana dokar ta-ɓaci. Haƙƙin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci, sashe na 36, shi ko a ta-ɓacin ma kundin bai ba da damar a jingine shi ba.

A watan Agustan 2018 Shugaba Buhari ya faɗa wa taron ƙungiyar lauyoyi cewa tsaron ƙasa yana gaba da bin doka. Ya dogara da hukuncin Kotun Ƙoli na 2007 da ya hana Asari Dokubo, jagoran tsagerun Neja Delta, beli. Lauyoyi suka yi masa ca, kuma suna da gaskiya a wuri ɗaya: a shari'ar Dokubo kotu ce ta auna ta ce tsaro ya rinjaya. Gwamnati ba ta auna wa kanta ba. A lokacin da ake wannan jawabi, Sambo Dasuƙi, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, yana tsare tun Disambar 2015 duk da belin da kotuna suka yi ta ba shi, da hukuncin kotun ECOWAS na Oktoban 2016. Bai fito ba sai jajibirin Kirsimeti na 2019, mahaifinsa, wancan Sarkin Musulmin da aka kai Zing, ya rasu yana tsare. Shi ma Sheikh Ibrahim Zakzaky, Babbar Kotun Tarayya ta ce a sake shi da matarsa cikin kwana 45 tun Disambar 2016, ba su fito ba sai Yulin 2021 da kotun Kaduna ta wanke su. Kana iya ƙin mutanen nan biyu har cikin ranka. Da yawa daga cikinmu a lokacin mun ce ai sun cancanci abin da ya same su. Amma tambayar ko sun yi laifi daban take da tambayar wa yake da ikon cewa sun yi, kuma sashe na 287 ya wajabta wa kowace hukuma ta aiwatar da hukuncin kotu.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suke hukunci da shi akwai i'izari: kafin alƙali ya yanke, sai ya juya ga wanda hukunci zai faɗa kansa ya tambaye shi, kana da sauran magana ko wata hujja? Kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a sukan rushe hukunci ɗungurungum saboda an tsallake wannan tambaya ɗaya, ko da ana ganin wanda aka kayar ba shi da gaskiya. Korar mutum daga gari ma tana cikin Shari'a, amma a matsayin horo ne da alƙali yake yankewa bayan laifi ya tabbata da shaidu.

Shari'ar Sarkin Gwandu Mustapha Jokolo ta nuna wuƙar tana yanka ta kowane ɓangare. Gwamnatin Kebbi ta tuɓe shi a Yunin 2005 ta kai shi Jihar Nasarawa. A 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce gwamna ba shi da ikon korarsa ko tsare shi, hukuncin da lauyoyin Sanusi suka samu a shimfiɗe. Batun kujerar kuwa, Jokolo ya yi nasara a kotun jiha da ta ɗaukaka ƙara, amma a Yunin 2025, bayan shekara 20, Kotun Ƙoli da rinjayen alƙalai uku a kan biyu ta rushe nasarar, saboda dokar masarautu ta jihar ta ce a fara kai koke wurin gwamna kafin a je kotu, shi kuma bai yi ba. Ni dai wannan hukunci bai kwanta mini ba, don kai ƙarar gwamna wurin gwamna kamar kai ƙarar kura ne wurin kura. Amma haka ƙa'ida take, ba ta duba fuska.

Kano kuwa ta kawo misalin da ko a tatsuniya sai haka. A Mayun 2024 majalisar jiha ta soke dokar masarautu biyar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mai da Sanusi, Aminu Ado Bayero, wanda ya gaji Sanusi a 2020, ya dawo gari ya sauka a gidan sarki na unguwar Nasarawa a cikin Kano, gwamnati ta ce a kama shi. Sai ga Aminu a Babbar Kotun Tarayya a Kano yana riƙe da sassan nan guda biyu, 35 da 41. A watan Yuni kotun ta ce umarnin kamun ya tauye masa haƙƙi, ta yanke diyyar naira miliyan 10, daidai adadin da aka yanke wa Sanusi. Waɗanda suka yi shewa a 2020 su ne suka koma karanto tsarin mulki a rediyo a 2024, waɗanda suka karanto shi a 2020 kuma suka koma cewa ai zaman lafiyar Kano ya fi komai. Rikicin kujerar ya ci gaba da yawo a kotuna, ba shi ne gabana a nan ba.

Duk waɗannan manya ne, masu manyan lauyoyi. Wani maƙwabcina tela ne, ƙaninsa ya karɓi adaidaita sahu a hannun wani bisa biya a hankali, bashi ya taru, ya ɓace. Da mai keken ya kai ƙara, ba a sami yaron ba, sai aka zo shago aka ɗauki telan, allura a hannu, aka sa shi bayan kanta. Muka je da mai unguwa. Na ce wa jami'in da yake kan tebur, "Yallaɓai, wannan fa ba shi ya karɓi keke ba." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malam, ai mun sani. Ku kawo mana yaron ku tafi da naku." A bango, daidai saman kansa, ga takarda an manna: beli kyauta ne. Kwana uku telan ya yi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita. Kundin ya ce a sanar da wanda aka kama dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Sashe na 46 ya buɗe masa ƙofar Babbar Kotu, ƙofar da Sanusi ya bi. Da na faɗa masa haka bayan ya fito, sai ya yi murmushi ya ce, "Maƙwabci, kuɗin lauya ai ya fi kuɗin keken. Na bar su da Allah." Sallah ta gabato, ɗinkin mutane ya taru masa.

A watan Agustan 2024 aka kama ɗaruruwan matasa a Kano da Kaduna da wasu garuruwa lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, aka kwashe wasu zuwa Abuja. An tuhume su da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma da zarar an ambaci irin wannan laifi, wa'adin kwana ɗaya ko biyun nan na sashe na 35 ba ya aiki. 'Yan sanda sun samo takardar kotu ta tsare su kwana 60. Wato a takarda an bi hanya. Ranar 1 ga Nuwamba aka shigo da mutum 76 gaban Babbar Kotun Tarayya, da yawansu yara ƙanana, haƙarƙari a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Bidiyon ya zaga duniya, Shugaba Tinubu ya ce a sake su, Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya karɓi shari'ar daga hannun 'yan sanda ya janye tuhumar, ranar 5 ga wata aka kai su fadar shugaban ƙasa aka miƙa su ga gwamnoninsu. Sun yi kusan wata uku a tsare, ɗaruruwan kilomita daga iyayensu.